Makullin Ɗakin Garwashi

Sallama gare ku masu bibiyata, na da can da waɗanda yau suka fara leƙowa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto tana tambaya wai duk kukan nan a kan kifi nake yi? E, a kan kifi ne, 'yar uwa. Kifin ma da bai kai tsawon ɗan yatsanki ba, wanda ko kyanwa aka miƙa wa sai ta ce an raina mata hankali. Ki dai gyara zama.

Babana mai shagon kifin ado ne. Shagon a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta shigo tsakar gida. Tankunan gilashi ashirin da biyu ne a jere, kuma tun ina rarrafe da gurnanin injin iska na saba, har ta kai in aka ɗauke wuta shirun ne yake firgita ni. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki marar taga, ɗakin baya muke ce masa. A nan Garwashi suke.

Garwashi sunan da Baba ya raɗa wa wani irin kifi ne da ya shekara goma sha tara yana zaɓe, yana haɗa wannan da wancan, har ya samu abin da ransa yake so: jiki baƙi wuluk, wutsiya faffaɗa ja jawur, in suka juya a ƙarƙashin fitila sai ka rantse wuta aka hura a cikin ruwa. Mazan ke nan. Matan ba su da wani fasali, toka-toka ne da ƙaton ciki, amma su ne dukiyar. Irin kifin nan ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke, kuma mace ɗaya ta isa ta cika wa mutum gida cikin wata shida. Don haka dokar Baba ɗaya ce, kowa a ƙungiyar masu kiwon kifin ado ya haddace ta: namiji na sayarwa ne, mace ba ta fita. An taɓa yin wani mai kuɗi da ya ajiye makullin motarsa a kan kanta, Baba ya tura masa abinsa da yatsa ɗaya ya ce a gai da gida.

Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya a aljihun Baba, ɗaya a wuyana, a jikin wata shuɗiyar igiya da kullum take leƙowa ta saman rigata. Ranar da ya ba ni, Yayana yana tsaye, ya ce, "Baba, ina babba a gida ka ɗauki makulli ka ba Auta?" Baba ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kai ka taɓa wanke tanki da sabulu." Shekara goma sha ɗaya ke nan da laifin nan na Yaya, har gobe Baba bai manta ba. Ku riƙe wannan a ranku don ku san irin mutumin da ya haife ni.

Shi kuwa wanda ya sa nake wannan rubutun, a ƙungiya Mai Kwali ake ce masa. Ba shi da shago, a intanet yake sayar da kifi, ya ƙulla a leda ya jera a kwali ya ba masu babur su kai. Dattawan ƙungiya ba sa ƙaunar irinsu, don su suka kwashe mana masu saye. Mutum zai shigo ya tsare Baba awa guda da tambaya, wane ruwa, wane abinci, ya ɗauki hoto, ya fita ya je ya saya a waya. Amma Mai Kwali ya san hannunsa. Ranar da ya fara zuwa taron ƙungiya na Lahadi a shagonmu, tun daga bakin ƙofa ya cire takalmi, ya ƙi benci ya zauna a ƙasa, da farar riga mai gajeren hannu an goge ta har tana ɗaukar ido, ga wani turare mai sanyi da ya danne ƙarnin shagon kaf. Bai ce uffan ba sai da aka tashi, ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, ni karatu na zo." Sai ga Baba, da akan yi wata ba a ga haƙorinsa ba, yana washe baki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Na so shi ƙwarai. Shi ne namiji na farko da bai yatsine fuska ba da ya ga hannayena, duk sun yi fari sun yamutse saboda ruwa. Wasu samarin turare suke kawowa, shi safar hannu ta roba ya kawo mini, doguwa har gwiwar hannu, da man shafawa. Kullum ƙarfe bakwai na safe saƙonsa zai shigo, ba fashi: "Sarauniyar ruwa, an tashi lafiya? Ya talakawanki?" In ya zo shago kuma sai ya nuna igiyar wuyana ya ce, "Wannan sarƙar ta fi ta zinare tsada." Ni kuwa sakarya in rufe fuska da gyale ina dariya.

Gwaggona, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ta fi ni mutuwa a kansa.

"Ke Auta, shekara ashirin da shida, kullum hannu a ruwa kamar mai wankau. Allah ya jefo miki wanda ƙarni bai dame shi ba, me kike jira?"

"Gwaggo, ai ban ce a'a ba."

"Ba ki ce e ba kuma. Ga mota, ga ladabi, jiya har maganin gwiwata ya sayo ban roƙe shi ba. In kika bari wannan ya suɓuce, wallahi sai dai ki auri injin iska, ku yi ta gurnani tare."

Yaya kuma nasa lissafin daban. Cewa yake shagon nan mutuwa yake a tsaye, gara a samu suruki ɗan zamani ya ɗora mu a intanet tun kafin a rufe mu da ranmu.

To, ga inda na kwafsa. Wata bakwai da suka wuce, wata yamma Baba ya tafi asibiti a duba idonsa da aka yi wa aiki, Mai Kwali ya jingina da kanta ya yi tagumi.

"Wallahi ciyawar ruwana duk ta ruɓe, ta kasuwa kuma cuta take kawowa. Ko za ki ɗan sam mini ta ɗakin baya? Cikin hannu ɗaya kawai."

Bai ce zai shiga ba, ko ƙofar ma bai kalla ba. Na auna a raina: doka ta ce mace ba ta fita, ba ta ce komai a kan ciyawa ba, ciyawar da duk mako muke rage ta mu zuba a shara. Na juya zan shiga ya ce, "Kar fa ki girgiza ta, karyewa take. Sa kwano ta ƙasa ki ɗago ta a hankali da ruwanta." Na ɗago masa curi guda daga tankin mata, don a nan ta fi yin duhu, har da 'yan duwatsun da nake ɗaure ta a jikinsu don ta nutse. Da wani zare mai ruwan hoda nake ɗaurewa, ragowar ɗinkin wata rigata, don shi ba ya ruɓewa a ruwa. Sau uku ana haka, mako bibbiyu a tsakani. Daga nan bai sake tambaya ba, ni ma na manta.

Sai Lahadin da ta wuce.

A shagonmu ƙungiya take taro duk Lahadi da yamma, mutum goma sha uku a kan benci uku, kowa da 'yar robarsa ta kifin da ya kawo a gani. Shugabansu aminin Baba ne, mai gyaran agogo, mu Kawu muke ce masa. Shekara talatin suna tare. Shi kaɗai ne baƙon da ya taɓa taka ɗakin baya, lokacin da aka kwantar da Baba aikin ido, mako guda yana zuwa safe da yamma yana taya ni canjin ruwa. Lahadin nan ina raba musu ruwan sha, Mai Kwali na zaune a ƙasa inda ya saba, sai wani malamin makaranta ya miƙa wa Baba waya yana dariya.

"Ashe an sassauta doka ba a sanar da talakawa ba?"

Na leƙa ta kafaɗar Baba. Wani sabon shafi ne, babu sunan mai shi, babu lamba, sai dai ka rubuta saƙo. Ga hoton kifi baƙi mai jar wutsiya, kusa da shi ga wata toka-toka mai ciki. A ƙasa an rubuta: "Garwashi na asali, mace da namiji, rabin kuɗin shago."

Baba ya kai wayar dab da idonsa mai lafiya. Ya daɗe yana kallo, har dariyar malamin ta mutu da kanta.

"Kifina ne," in ji shi. "Ga ɗigon farin nan a gindin wutsiya. Shekara huɗu na yi ina ƙoƙarin kashe shi ya ƙi."

Wani ya ce ko dai kama ce, Baba bai ko dube shi ba. Ya ajiye wayar a hankali ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari. Mutum uku suka taɓa shiga ɗakin nan. Ni, da 'yata, da kai." Ya sauke idonsa a kan Kawu.

Da fari Kawu dariya ya yi. "Haba kai kuwa, ni da ko wayar shafawa ban iya ba?"

"Ba sai ka iya ba. 'Ya'yanka sun iya."

Na ga fuskar Kawu ta sauya kamar an zare mata jini. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ni? Ni da na riƙe ka ranar da aka binne uwar yaran nan?"

Baba ya kau da kai.

"To shi ke nan. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi." Kawu ya miƙe ya fita, ya manta 'yar robarsa a kan benci, da kifi biyu suna zagaye a ciki.

Sannan Baba ya tashi ya ɗora tafinsa a kan ƙofar ɗakin baya. Muryarsa ba ta ɗaga ba, shi ya sa ta fi ban tsoro.

"Ku zama shaida. Duk hannun da ya fitar da mace daga ɗakin nan, ban yafe ba. Duniya da lahira ban yafe ba."

Wani ya ce, "Allah ya tona asirinsa." Jama'a, muryar wa ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa amin? Tawa.

Mai Kwali ne ya taso ya kama Baba ya zaunar da shi, ya karɓi kofi a hannuna ya ba shi ruwa. "Baba, ka bar mini wannan. Ni na san lungunan intanet, zan binciko maka ko wane ne." Ya ɗago ya dube ni ta saman kan Baba, ya yi wani ɗan murmushi. Na ɗauka lallashi ne, har na ji daɗi. Kafin mutane su gama watsewa Baba ya shigo gida ya ce wa Gwaggo, "Yaron nan ya nuna mini shi ɗa ne. A ce wa manyansa su zo ranar Asabar." Gwaggo ta manta da ciwon gwiwa, sai da ta zagaye tsakar gida sau biyu.

Ranar Talata da safe na shiga ɗakin baya rage ciyawa. Na zura hannu a tankin mata, na kamo curi, hannuna ya yi abin da ya saba yi tun ina shekara bakwai ba tare da ya tambaye ni ba: ya girgiza ta sau uku a cikin ruwa. Sai ga su sun watso, 'yan mitsi-mitsi kamar gashin ido, daga ido biyu sai wutsiya. Jarirai. Ai dalilin ciyawar ke nan, uwayen cinye 'ya'yansu suke in sun samu, sai jariran su shige cikin duhunta su ɓuya. Darasin farko da Baba ya koya mini shi ne ba a fitar da ciyawa sai an girgiza sau uku. Na sani, wallahi na sani kamar yadda na san sunana.

Kar fa ki girgiza ta, karyewa take.

Na zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen siminti. Curi uku. Ko goma-goma ne a ciki, rabi mata ne. Wata bakwai kuma ya ishe su su girma su haihu, 'ya'yansu ma su haihu. Kuma ba wai mantawa na yi ba, sauri nake in fito in ga ya yi mini murmushi. Ina nan zaune wayata ta yi ƙara. "Sarauniyar ruwa, yau shiru. Ya talakawanki?" Karo na farko da na karanta kalmar nan na ji tsigar jikina ta tashi.

Amma kun san zuciya, ba ta rasa ƙaryar da za ta yi wa mai ita. Ta ce mini ƙila bai sani ba, ƙila wani ya ba ciyawar, ƙila kuma Kawun ne da gaske. Har wannan na yi fata, Allah ya yafe mini. Na ga zato ba zai kai ni ko'ina ba, na yafa gyale na tafi wajen ƙawata mai shagon magani, na ari wayarta na shiga shafin na ce ina son mace da namiji, a kawo shagonta. Aka amsa nan take, ranar Juma'a. Har zan ajiye wayar sai tausayin kifin ya kama ni, na ƙara layi ɗaya: "Don Allah a hana su abinci kwana biyu kafin a ƙulla, a kuma naɗe kusurwar leda da salatif kada su maƙale." Aka turo mini hoton babban yatsa.

Ranar Juma'a da hantsi mai babur ya ajiye kwalin. Ƙawata ta ja ni bayan kanta, ta ɗauko almakashi ta yanka. Leda biyu ce ɗaya cikin ɗaya, an naɗe kusurwa huɗun, an murɗa bakin an lanƙwasa an ɗaure da roba biyu, irin ƙullin gidanmu, wanda ni na kama hannun Mai Kwali na koya masa. Biyu na saya, uku na gani, an ƙara mace mai tsohon ciki. A ƙasan ledar ga ɗan curin ciyawa ɗaure a jikin dutse, da zare mai ruwan hoda. A jikin murfin kwalin an manna 'yar takarda da rubutun da na sani kamar tafina: "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Ban gama karantawa ba wayata, tawa ta kaina, ta yi ƙara.

"Kwali ya iso lafiya, Sarauniyar ruwa?"

Ya sake turowa.

"Mutum biyu ne kawai a garin nan za su ce a hana kifi abinci kwana biyu a naɗe kusurwar leda. Ɗayan bai iya waya ba."

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. "Ka cuce ni. Ka cuci Baba. Ka raba shi da Kawu kana zaune kana kallo."

"Ni? Ban taɓa shiga ɗakin ba, ko ƙofar ban taɓa ba. Hannun wa ya fito da su?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba. Ƙawata na tambayata lafiya, ban ji ta ba.

"Kin ji abin da Baba ya faɗa ranar Lahadi. Ni ba ubana ba ne, bakinsa ba zai kama ni ba. Ke fa?"

Sai na ƙarshe, mai tsawo.

"Ki kwantar da hankalinki. Da na bari, a ɗakin nan marar taga Garwashi za su ƙare tare da Baba. In an yi aurenmu zan rufe shafin, in ce na gano ɓarawon ya gudu. Komai ya dawo gida ɗaya, makullinki da kasuwata. Su Kawu tsofaffi ne, za su shirya. Wallahi ina sonki, wannan daban wancan daban. Gobe ki sa shuɗiyar rigar nan, ta fi yi miki kyau."

Ku da kuke zaune lafiya a ɗakunanku na san me kuke cewa: toshe shi, je ki faɗa. Da baki ai da sauƙi. Ni tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba. Mutumin da bai manta sabulu ba shekara goma sha ɗaya, ya ɗora hannu a ƙofa ya ce duniya da lahira, a gaban mutum goma sha uku, ni kuma na ce amin. Gaskiyar da na fi jin kunyar faɗa muku ita ce na yarda. Na rungumi kwalin na fito da niyyar in ɓoye shi, in sa shuɗiyar rigar, in yi shiru har kabarina.

Hanyar gida ta gaban teburin Kawu take bi. Na ja gyale na rufe rabin fuska na ƙara sauri, amma ya gan ni.

"Auta!"

Na tsaya. Kwana biyar kacal, amma rigarsa ta yi masa yawa. Agogo uku a buɗe a gabansa, bai taɓa ko ɗaya ba. Na jira ya yi mini ƙorafi, ko ya rantse, ko ya ce in kai saƙo.

"Ya idon babanki? Yana ɗiga maganin kuwa? Sau uku ne fa a rana, shi biyu yake yi in ba a tsaya a kansa ba. Ki riƙa tuna masa, kin ji? Kar ki ce ni na ce."

Na ce to, Kawu. Kwalin yana jikina, ina jin ruwan na kaɗawa a ƙirjina. Ban kai kwanar gidanmu ba sai da na jingina da bango na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifiyata.

Asabar ta waye gidanmu ya juye. An sauya labulen falo, an shimfiɗa sabon kafet da ba a yarda kowa ya taka ba, Yaya na jera kujeru yana fito, Gwaggo ta goge shuɗiyar rigar da kanta ta rataye mini a ƙofa, har da gyalenta da takalminta. Na tsaya na kalle ta. Sannan na ɗauko tsohuwar rigar aikina, toka-toka mai tabon ruwa a gaba, na zura.

"Ke! Lafiyarki? Ƙarfe goma sha ɗaya za su iso!"

"Yanzu zan fito, Gwaggo."

"Da wannan tsumman? Wannan kwalin kuma na mene ne? Auta, kar ki kunyata ni yau, na roƙe ki!"

Na wuce ta. Baba na ɗakin baya cikin sababbin kaya, ya naɗe hannun riga yana barbaɗa wa Garwashi abinci da yatsu biyu. Na rufe ƙofa, na ajiye kwalin a kan tebur, na buɗe, na durƙusa.

Ya ɗago ledar zuwa fitila. Ya kalli kifin, ya kalli ƙullin, ya juya ta a hankali har idonsa ya kai kan dutsen. Ya daɗe a kan zaren nan. Na faɗa masa komai, tun daga yammar da ya tafi asibiti, na miƙa masa wayata, ya ce in karanta, na karanta masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Bai katse ni ba.

"Sau nawa?"

"Uku, Baba."

"Kin girgiza?"

"A'a."

"Kin manta ne?"

Da na ce e, ƙila da ya fi sauƙi. Na ce, "Ban manta ba. Cewa ya yi kar in girgiza, na bi."

Ya ajiye ledar. Ya dafa tebur da hannu biyu, na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Shekara talatin. Na kore shi a gaban mutane kamar kare." Sannan ya miƙo mini tafin hannunsa a buɗe. Na kama shuɗiyar igiyar, ta sarƙe da ɗan kunnena, na fizga har sai da ya yi jini, na ɗora masa makullin. Ya sa a aljihu kusa da nasa, na ji sun yi ƙara.

Daidai lokacin aka yi hon a ƙofar gida, Gwaggo ta hau dukan ƙofa. "Sun iso! Mota biyu! Ku fito don girman Allah!"

"Baba," na ce, "maganar da ka yi ranar Lahadi..."

Ya sauke hannun rigarsa, ya ɓalla maɓalli ɗaya, ya ɓalla ɗayan.

"A gaban mutum goma sha uku ta fita. A gabansu za ta dawo, in za ta dawo." Ya ɗauki hularsa. "Ce wa Yayanki ya je ya ɗauko mini Mai Agogo, in ya ƙi ya ce masa ni zan zo da rarrafe. Manyan kuma a kai su falo a ba su ruwa. Shi yaron ki ce ya shigo nan, shi kaɗai. Ba ɗakin yake son gani ba?"

Na bi ta cikin shago na buɗe ƙofar titi. Mai Kwali na fitowa daga mota, fari fat daga sama har ƙasa, turarensa ya riga shi isowa. Ya hango ni ya saki murmushin nan da na sayar da ubana a kansa. Sai ya dubi rigata. Ya dubi wuyana, inda igiyar take a da. Murmushin ya tsaya a inda yake.

Na matsa gefe na ba shi hanya.

"Baba na kira," na ce. "Ka cire takalmi."